Tseren a-kori-kura na Eldora da aka daina

Jiya da dare bayan mun rufe gareji, kuran ya dawo rezo ma ya yi kyau, sai na sake zama kallon tseren Eldora na 2013 a YouTube, kuma wallahi har yanzu abin yana taɓa min zuciya kamar ranar farko.

Eldora filin tseren motoci ne a jihar Ohio ta Amurka, kewayayye mai siffar ƙwai, tsawonsa wajen mita 800, ba godoro ko ɗigo, ƙasa ce zalla. Tony Stewart, shahararren direban tsere, ne mai shi tun 2004. A watan Yulin 2013 NASCAR, hukumar da ke shirya manyan tseren motoci a Amurka, ta kai tseren motocin a-kori-kura can, alhali rabon da ta yi babban tsere kan ƙasa tun 1970, shekara 43 ke nan. Kewaye 150 ake yi, Austin Dillon ya ci na farko.

Amma ni ba Dillon ne ke maido ni wurin ba, Norm Benning ne. Dattijo ɗan shekara 61 da ba shi da manyan masu ɗaukar nauyi, ya shiga ɗan tseren neman gurbi na ƙarshe, ana bugun motarsa ana matse ta da bango, ƙarfe na lanƙwashewa, shi ko ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur har ya riƙe matsayi na biyar wanda shi ne gurbin da ya rage. Da ya tsaya sai ga kanikawan wasu motoci sun zo suna taya shi gyara. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin Hilux a hanyoyin ƙauyukan wajen Dakoro da damina ya san yadda bayan mota ke zamewa hannu na ta gyara, to haka suke yi a kowace kwana, da gangan, ƙura ta tashi har gaba ba ya ganuwa.

Sau bakwai aka yi tseren na Eldora kuma mutum bakwai daban suka ci, akwai Bubba Wallace a 2014, Kyle Larson a 2016, na ƙarshe Stewart Friesen a 2019.

2020 korona ta hana. Da 2021 ta zo sai sunan Eldora ya ɓace daga jadawali, aka kai a-kori-kura filin Knoxville a Iowa, shi kuma tseren kan ƙasa na Cup, wato babban rukunin NASCAR, aka ba filin Bristol a Tennessee, inda sai da suka yi jigilar ƙasa da tifa suka zuba kan siminti. Wannan ne ya fi ci min rai, ga filin ƙasa na asali da ya nuna abin zai yiwu, an bar shi an je ana ƙirƙirar na aro. Knoxville shekara biyu ya yi, Bristol uku, duk aka daina.

Yaron garejinmu ya leƙo wayata yana cewa maigida yaushe za a yi na bana, na ce masa babu, na mayar masa da bidiyon daidai inda Benning ke goga bango.