Abin da lanƙwasasshen wili ke gaya mini

Rumfata tana bakin titi, kusa da wata darbejiya, daf da kwanar da ake shiga kasuwar garinmu a nan Jigawa. Gyaran keke nake yi, ina kuma sayar da kayansa: taya, tiyub, cen, boris, birki, feda da sirdi, sai 'yan kekunan gwanjo idan na samu sarari na shiga Kano na ɗauko. Yara uku ne a hannuna, babbansu ya kusa yaye. Ni kuma a wurin Baffana na koya, tun ina ɗan riƙe famfo da ɗauko kwanon ruwan da ake tsoma tiyub a ga inda yake kumfa.

Baffa, Allah ya jiƙansa, ya ga zamanin Rali, lokacin da kamfanin Raleigh ke harhaɗa keke a Bompai cikin Kano. Keke a lokacin dukiya ce. Malamin makaranta da malamin gona ne ke hawa, a naɗe ƙarfen da leda mai launi don kada fenti ya goge, a sa madubi biyu da ƙararrawa. Daga baya Phoenix ɗan Chana ya shigo, wanda muke ce wa Fonis, ga Hero da Avon na Indiya. Sai babur ya zo ya ture kowa. Duk abokan da muka koyi aiki tare sun koma gyaran babur, ni kaɗai na maƙale, kuma gaskiya ba hangen nesa ba ne, jari ne babu.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Nan fa aka shiga zaƙulo kekuna daga zaure da bayan rumbu. Wasu an kawo mini su a kafaɗa, cen ya daskare da tsatsa, taya ta tsattsage, ɓera ya yi wa sirdi illa. Mutumin da shekara goma bai ko kalli rumfata ba ya zo yana cewa, “Malam, a ɗan duba mini wannan, na yara ne.” Washegari sai in hango shi a kai da babbar rigarsa, ya tattare ta a cinya.

Kada wani ya ɗauka kuɗi muka tara. Kusan duk kayan keke daga waje suke zuwa, don haka da naira ta faɗi su ma sai suka tashi. Aiki ya ƙaru, riba ba ta motsa ba. Wanda ya kamata ya sa sabon tiyub sai ya ce a yi faci, har ka ga tiyub ɗaya da faci a kan faci, babu wurin goga sholisho. Ga bashi, “sai kaka”, wani kuma kakar ta zo ta wuce ya sauya hanya.

Aikin da na fi so a sana'ar nan shi ne daidaita wili. Za ka kife keke a kan sirdi da kai, ka riƙe alli kusa da bakin wilin, ka juya a hankali. Inda allin ya taɓa, nan ya karkace. Sai ka ɗaure wayoyin ɗaya ɓangaren kaɗan, ka sassauta na wannan ɓangaren, ka sake juyawa. Mai gaggawa ba ya iya shi, don in ka ɗaure waya ɗaya da yawa ka gyara nan ka ɓata can. Yarona babba sai da ya shekara biyu kafin na bar shi ya taɓa wilin mutane shi kaɗai.

A wannan aikin ne na koyi karanta hanya ba tare da na tashi daga kan benci ba. Wilin da ya loɓa ciki wuri guda, rami ya faɗa. Wanda ya murɗe gefe kamar an matsa faifai, mai shi ya zame ne daga bakin kwalta. Idan ƙafar gaba ta koma baya har taya tana gogar ƙarfe, to da duhu ya yi karo da amalanke ko tarin yashi. In kuwa wilin baya ne ya naɗe tare da kariyar ɗora kaya, ba na ma tambayar yadda aka yi, sai dai in ce yaya mai jiki. Abin da nake tambaya kullum shi ne, “A ina?” Kuma amsar ba ta cika wuce wuri uku ba: kwanar kasuwa, kwalbatin da ke gaban makarantar sakandare inda titi ya tsuke, da wani miƙaƙƙen wuri a hanyar fadama.

Wancan na hanyar fadama shi ya fi kawo mini aiki, kuma mai mota ba zai taɓa gane matsalarsa ba. Da aka sake shimfiɗa kwalta, an ɗora sabuwa ne a kan tsohuwa, ba a cike gefen ba. Damina ta zo ta ƙara zaizaye ƙasar, har bakin titin ya zama kamar dakali, tsayinsa ya kusa taƙi guda. Mai keke ya ɗauko buhun albasa ko jarka huɗu, babbar mota ta danno masa hon daga baya. Ya tsaya a kan kwalta a take shi, ya sauka kuma ba sauka ba ce, faɗuwa ce, daga nan yashi ya karɓe tayar gaba. Mu gefen titi shi ne titinmu. Idan ya lalace, ko da tsakiyar tana sheƙi, mu ba mu da hanya.

A nan ne wata magariba mota ta buge wani manomin rani da na daɗe ina yi wa gyara, yana dawowa daga lambu. Kwana biyu ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Kekensa har yau yana rataye a bayan rumfata, iyalansa sun ce ba sa son ganinsa. Daren da aka yi jana'iza matasa suka fito da shebur suka tara tudun ƙasa a tsakiyar titi, suka jawo gungume suka gitta. Kafin asuba wani ɗan acaɓa da bai san da shi ba ya hau kai ya karye a hannu.

Wannan ne ya sa Hakimi ya ce a kafa kwamitin ba da shawara a kan hanya. An sa dagaci, sarkin kasuwa, shugaban direbobi, na 'yan acaɓa, hedimasta da kansila, aka gayyato jami'in kiyaye haɗurra da wani injiniya. Mai keke ko ɗaya babu a ciki, ga shi kuwa a kansa aka taru. Ni ma ba don shawarata aka kira ni ba. An kira ni ne a matsayin mai laifi, domin rumfata na cikin waɗanda aka ce sun cinye gefen titi. Da farko raina ya ɓaci, shekara nawa ina wurin nan? Amma da na tsaya a tsallake na kalli wurin da idon baƙo, sai na ga kekunan da nake jerawa da bencin masu jira sun kai har bakin kwalta. Yaran da nake tausayi dole su ratse cikin motoci kafin su wuce ni. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na direbobi.

Ranar zaman na ɗauki wili uku na ɗaure a kariya na tafi ƙofar fada. Da aka gama da mu masu rumfuna, na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna wani abu.” Na ajiye su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin inda kowanne ya fito da yadda aka yi ya zama haka. Injiniyan ya ɗauki na hanyar fadama ya jujjuya, ya ce shi ya bi ta wurin a mota ya fi a ƙirga bai taɓa lura da gefen ba. Hakimi ya yi murmushi ya ce, “To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rubuta sunansa a kwamiti.” Na roƙa aka ƙara da wani mai kai madara da ɗalibi ɗaya daga sakandare.

A zaman na fahimci abin da ban sani ba. Titi iri uku ne a ƙasar nan, na tarayya, na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma wanda ba nasa ba ba shi da ikon fasa shi ko faɗaɗa shi. Namu ba na ƙaramar hukuma ba ne. Don haka faɗaɗa kwalbati da yin tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da allon gargaɗi, sai dai a rubuta takarda sama a jira. An rubuta.

Hedimasta ya fito da wayarsa ya nuna mana bidiyon Holan, inda mai keke ke da jan titinsa daban, har da danjarsa, mata da tsofaffi suna wucewa hankali kwance. Aka yi ta dariya, shugaban direbobi ya ce a fara kawo mana wuta tukuna. Ni ban yi dariya sosai ba, domin ina shiga Kano ina gani. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni a watan Janairun 2013, a daidaita sahu ta gaje gefen titi, tana tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu. An yi gadojin sama, ga ta Ƙofar Nasarawa ga ta Dangi, mota na wucewa fuu, mai keke kuwa sai dai ya laɓe a jikin kankare yana salati. Jami'in kiyaye haɗurra ya ce mana akwai ma ranar keke ta duniya, 3 ga Yuni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018. Madalla. Sai dai masu hawa ranar da hular kwano a gaban kyamara ba su ne ke ɗauko jarka daga rijiyar burtsatse ba. Da za a tambaye ni, kafin a zana kowane titi a birni ko a ƙauye, a nemo mai faci na unguwar a zaunar da shi, ko da minti goma ne.

Abin da ke hannunmu muka yi. Kansila ya samo tifa biyu ta jar ƙasa, aka yi gayya ranar Asabar da baro da kwanon sarki, aka cike gefen hanyar fadama aka daddaɓe. Sarkin kasuwa ya ja igiya, ya ce ranar kasuwa kada mai tire ko mai rake ya tsallake ta. Direbobi suka yarda su daina lodi a kan kwana, bayan doguwar muhawara da 'yan kamasho. Aka kwashe tudun matasa da gungumensu.

Su ma mutanena ban ƙyale su ba, don na fi kowa sanin halinsu. Rabin kekunan garin nan ba su da birki, da silifa ake taka taya. Fitila kuwa tun da dinamo ya ɓace ba a maye gurbinsa ba. Mutum ya sa baƙar riga da daddare ya hau baƙin keke, ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya gitta damin kara da ya fi faɗin ƙofar zaure, sannan ya ce direba ba shi da imani. Na sayo irin tef ɗin nan ja da fari mai ƙyalli da ake liƙa wa manyan motoci, ina yanka shi ƙanana, duk keken da ya shigo rumfata sai na manna masa a bayan kariya da jikin feda, kyauta. Wanda ya zo faci ba shi da birki kuwa, na ce wa yara kada su ba shi iska sai an sa masa ko na baya ne. Mutum biyu sun yi fushi sun koma wurin wani mai gyara a tasha. Wani dattijo da na san ba shi da hali ya ce, “Ɗana, shekara arba'in ina hawa da ƙafa nake tsayawa.” Na ce, “Baba, a da motar garin nan nawa ce?” Na sa masa, na ce ya kawo kuɗin in ya sayar da wake.

Wata huɗu cur ba a kawo mini wili ko ɗaya daga hanyar fadama ba. Ta fuskar ciniki asara ce, yarona ma har tsokanata yake yi wai na kashe kasuwata da bakina. Sai damina ta sauka, ruwan Agusta ya kwashe fiye da rabin jar ƙasar, don ba a yi mata magudana ba. Takardar kwalbati har yanzu ba amsa. Igiyar sarkin kasuwa tana nan, amma duk mako sai ta ɗan matso.

Ni dai na ja rumfata baya taku biyar, na bar inuwar darbejiya, yanzu rana ce ke dukanmu daga azahar. Ba a yi sati biyu ba wani mai shayi ya zo ya kafa teburinsa daidai inda na tashi. Na kai ƙara wurin sarkin kasuwa, ya ce ɗan ƙanwarsa ne, a bi shi a hankali. An sa zama na gaba bayan an gama girbin gero, kuma na riga na ware wili biyu da zan tafi da su. Ɗaya na wani ɗalibi ne da aka kawo shekaranjiya daga kwalbati, shi ya tsira da ƙujewa a gwiwa, wilin ne dai ba zai gyaru ba.