Rumfar Tsakar Gida a Garin Rana: Inuwa Daban, Sanyi Daban

A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, tsakar gidan da aka yi wa daɓen siminti ba ya takuwa da azahar. Zafi yakan haura digiri 40 sau da yawa, siminti ya sha rana ya ƙoshi, da dare kuma ya riƙa amayo ta har bayan lisha. Dalilin da ya sa ke nan na kafa rumfa mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 a gaban ɗakunan da ke kallon yamma. Sau biyu na yi aikin. Ta farko ba ta ga ƙarshen damina ba, ta biyu ce ke tsaye har yanzu.

Ta farkon irin wadda kowa ke yi ce: dirkoki huɗu na katako, kwano marar kauri a sama, tsayi mita 2.2, bayanta manne da bango. Inuwa kam ta bayar. Amma da rana ta take, in ka zauna a ƙasanta sai ka ji zafi na sauko maka a ƙeya kamar ka sa kai kusa da tanda. Kwanon da ya dushe ko ya fara tsatsa yana iya kaiwa digiri 70 a irin wannan rana, kuma zafin da ya ɗauka ƙasa yake hurowa, kan duk wanda ke zaune. Gwajin ba wuya: ka miƙe ka ɗaga tafin hannu kamar taƙi ɗaya ƙasa da kwanon, ba tare da ka taɓa shi ba. Abin da hannunka ya ji, shi kanka ke sha duk wuni. Da yake kuma na manne ta da bango, iskar da ta yi zafi ba ta da mafita, sai ta taru a kusurwar sama ta tsaya cik.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin lissafinsa yana hannun kowane almajiri. Lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage da tsakar rana. A ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakiyar kanmu sosai, wannan 'yar inuwar kusan babu ita. Ke nan da shigar la'asar, inuwar rufin da ke sama da ƙasa mita 3, a misali, ta riga ta matsa gabas da mita 3. Rumfa mai faɗin mita 4, saura mita ɗaya kacal a jikin bango. Kafin ƙarfe 5 inuwar ta matsa fiye da mita 5, ta haye bango, rana ta shigo ta ƙasan rumfar har bakin ƙofa. Wannan kuwa shi ne lokacin da mutanen gida suka fi buƙatar wurin, ana tsintar shinkafa, ana kitso, yara sun dawo daga makaranta. Duk tsadar abin da ka rufa a sama, ba ya tare ranar da ke shigowa ta gefe. Kuma yawan ɗaga rumfa sama, yawan ranar yamma da za ta shigo. Nan cinikin yake: tsayi yana rage zafin kwano, yana kuma ƙara buɗe wa ranar la'asar hanya.

Na uku iska ce ta nuna mini shi. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, ƙura da iska a gaba, ruwa a baya. Rufi buɗaɗɗe ba danna shi kawai iska take yi ba, har ɗaga shi take yi. Iskar da ke gudun kilomita 90 a awa tana ja da ƙarfin da ya kai kusan kilo 38 a kan kowace murabba'in mita. Rufin murabba'in mita 20 ke nan ana fizgar sa sama da nauyin da ya haura kilo 750, alhali kwanon da katakon duka ba su kai rubu'in haka ba. Katakon ya bushe a bazara ya saki ƙusoshi, dirkokin kuma rami mai zurfin kamu ɗaya aka yi musu aka cika da ƙasa. Falle biyu suka tashi a hadari ɗaya. Kwanon da ke yawo a iska wuƙa ne, Allah dai ya kiyaye bai sami kowa ba.

Kafin in sake, na bi abubuwan da ake rufi da su ɗaya bayan ɗaya, wasu na gwada a gida, wasu na je na zauna a ƙarƙashinsu a gidajen mutane da tsakar rana, domin da safe kowace rumfa daɗi gare ta.

Zana ta fi kowa sanyi, wannan babu gardama. Ciyawa ba ta riƙe zafi, iska kuma tana ratsa ta. Rumfar zana a kan azara, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ce kakanninmu suka zauna a ƙasanta, kuma sun san abin da suke yi. Aibinta uku: ruwan damina yana ruɓar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu, tana tara ƙura da kunama da ɓera, sannan kusa da murhu hatsari ce babba. Tamfol kuwa ban ba kowa shawararsa ba, sai don biki na kwana biyu. Ba ya numfashi, ruwa yana taruwa a tsakiyarsa ya yi tumbi, rana tana cinye shi ya riƙa farfashewa, iska kuma daga ramukan igiya take fara yaga shi. Akwai kuma falle na roba mai kama da gilashi da ake yayi a sababbin gidaje. Yana da kyan gani, amma mai haske tas ɗin ɗakin rainon shuka yake mayar da wuri, haske ya shigo da zafinsa ya rasa hanyar fita. Yana miƙewa yana tsukewa da kusan milimita 3 a kowace mita, in ba a buɗa ramin sukurunsa ba sai ya tsage, ƙurar hunturu kuma tana dusar da shi.

Ragar inuwa, irin wadda masu lambu ke rufa wa shuka, ta ba ni mamaki. Ana sayar da ita da lamba, 50 ko 70 ko 90, wato kason ranar da take tarewa cikin ɗari. Don zaman mutane a garinmu, ƙasa da 80 ɓata kuɗi ne. Iska tana wucewa ta cikinta, don haka zafi ba ya taruwa, hadari ma ba ya samun abin kamawa sosai. Sai dai ruwa ma wucewa yake yi, kuma wadda ba a sa mata maganin rana tun a masana'anta ba takan zama gari a hannu kafin shekara ta zagayo. A tambayi mai shago wannan kai tsaye, a kuma nemi saƙaƙƙiya wadda in an yanka bakinta ba ta warwarewa.

Da yake ina son wurin ya yi amfani har da damina, na tsaya a kan kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55, fari a sama. Fari yana mayar da yawancin hasken rana, cikin alminiyom mai sheƙi kuma ba ya huro zafi ƙasa kamar kwanon da aka shafa wa fenti mai duhu. Mai shago ya so in ɗauki ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu don ya dace da rufin gidan. Wannan ado ne da za a biya da gumi.

Ga yadda aka kafa ta. Dirkoki 6 na fayif ɗin ƙarfe inci 3, kaurin jikinsa milimita 2, uku a jikin bango, uku a gaba. Kowace dirka an haƙa mata rami santimita 40 da 40, zurfi 60, an yi waldar guntayen rodi biyu a gicciye a gindinta don kada ta zare daga kankare. Haɗin kankaren kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ramukan shida suka ci buhu 4. Kowane rami in ya cika nauyinsa ya kai kilo 230, shida sun haura kilo 1,300, wato sun rinjayi abin da iskar nan za ta ja. Da yamma muka zuba, muka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, domin kankaren da aka zuba da tsakar ranar bazara bushewa yake yi kafin ya kama, daga baya ya riƙa marmashewa. An ɗan tudunta saman kankaren a gindin kowace dirka don ruwa kada ya kwanta, an kuma toshe bakin fayif ɗin na sama da faranti. Mai waldar ya so ya bar shi a buɗe, ya ce, "Alhaji, ai kwano zai rufe shi." Ban yarda ba. Feshin ruwa yana shiga, ya kwanta a ciki, fayif ya ci tsatsa daga ciki ba ka sani ba sai ranar da ya karye a gindi.

Tsayin gaba mita 2.85, na baya 3.25. Bambancin santimita 40 a kan mita 4 shi ne gangaren da ke sa ruwa ya wuce da ƙurar da ta kwanta. Bangon ɗakunan mita 3 ne, ruwan rufinsu kuma baya yake zuba, don haka na ɗaga bayan rumfar santimita 25 sama da kan bango, na zarce da kwanon santimita 40 a kansa. Wannan 'yar tazarar ita ce hancin rumfar. Iska mai zafi tana bin gangaren ta hau ta fice ta nan, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Tana da farashinta: in hadari ya zo da ƙarfi daga gabas, feshi yana shigowa ya jiƙa gindin bango. Na ɗauki wannan, domin kwanakin feshi ƙidayayyu ne, kwanakin zafi kuwa watanni.

Ƙarafan da kwano ke kwanciya a kai an jera su santimita 90 tsakani, an shafe su da jan fentin maganin tsatsa kafin a ɗora, saboda alminiyom da ƙarfe tsirara in suka haɗu da laima, alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Babu ƙusa ko ɗaya. Sukuru mai roba a wuya aka yi amfani da shi, a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, ana tsallake tudu ɗaya a tsakiya, amma a baki da kusurwoyi kowane tudu sai da ya samu, don daga nan iska ke fara ɓanɓara. Kada a ɗaure har robar ta fito ta gefe. In ta matse fiye da kima tsagewa take yi a rana, damina ta farko a ga ɗiga.

Santimita 20 ƙasa da kwanon na ja wayoyin ƙarfe, na shimfiɗa zana a kansu, gefuna a buɗe. Nan ne rumfar ta canza gaba ɗaya. Kwano ya tare wa zana ruwa, zana ta tare wa mutane zafin kwano, iska na gudu a tsakaninsu. Tun da ruwa ba ya taɓa ta, ba ta ruɓa, sai dai a sauke ta bayan hunturu a kakkaɓe. Wanda matarsa ke girki a wurin ya bar ɓangaren murhu babu zana, ko ya fitar da murhun gaba ɗaya. Silin na roba da ake rufe ƙasan rumfa da shi ruf, ba tare da mafitar iska ba, akwatin zafi kawai yake ginawa a saman kai.

Sai gefen yamma, wanda shi ne asalin ciwon. Na rataya ragar inuwa mai lamba 90 daga bakin rufin, tsawonta mita 1.8, da siririn fayif a ɗinke a bakinta na ƙasa, da igiya biyu na naɗewa. In an sake ta, saura kusan mita ɗaya tsakaninta da ƙasa. Da la'asar rana ba ta shigowa fiye da mita ɗaya, wajen ƙarfe 5 kamar mita biyu, iska kuma tana bi ta ƙasa da ta cikin ragar. Asabari ma yana yin aikin, ya fi ta kyan gani, sai dai ya fi saurin lalacewa. Doka ɗaya ce a gidan: da an ga gabas ta yi baƙi, a naɗe ta a ɗaure, domin labulen da ke sake a iska yana jijjiga dirkoki.

Kudu da gangan na bar ta a buɗe. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan karkata arewa ne da tsaka, ba ta shigowa ta kudu. A Disamba kuwa tana kwantawa kudu har inuwar tsakar rana ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon abu, ta shigo ƙasan rumfar kamar mita biyu. Lokacin sanyi ne, tsofaffi ma nemanta suke yi.

Abin da ya rage mini shi ne daɓen da ke wajen rumfar, wanda har yanzu yake shan rana yana turo zafi ta gefe. Yayyafa ruwa da la'asar yana taimakawa sosai a bazara saboda iskar busasshiya ce, amma ruwa ba kullum ake samunsa ba. Na fasa simintin a kusurwar yamma, mita 5 daga bango da kuma nesa da ramin masai saboda saiwa, na dasa dogonyaro, na kewaye shi da kwando don awaki. Har ya girma, ragar ce ke riƙe da la'asar. Duk ƙarshen Afrilu, kafin hadarin farko, nakan hau tsani in bi sukurorin baki ɗaya bayan ɗaya, in wanke ƙurar da ta dusar da farin kwanon, in duba gindin dirkoki ko tsatsa ta fara.