Turanci ma yana da nasa "ci" da "sha"

Jiya da daddare ina yi wa ƙanwata bitar Turanci saboda WAEC ɗin da za ta zana, sai muka ci karo da "put up with", ta ce Yaya ai put ajiyewa ne, up kuma sama, to me ake ajiyewa a saman? Wallahi tausayi ta ba ni, don mu ma haka aka koya mana, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, a haddace a wuce.

Na ce mata to ke fassara min "cin amana", tauna ta ake yi? Mu fa muna cin kasuwa mu ci bashi mu ci jarrabawa, mu sha wahala mu sha iska har mu sha alwashi, amma ba Bahaushen da zai ce wane ya sha amanata, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana doka, kunne ne kawai ya saba. To shi ma "put up with" haƙuri da abu yake nufi, ukun nan tare suke tafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maƙwabciyar kalma ke juya ma'ana. "Take off" in jirgi ne ya tashi, in takalmi ne an cire. "Break down" mota ta mutu a hanya, in kuma mutum ne to ya fashe da kuka.

Sai wajen zaman kalmomin, nan ne ake zubar da maki. Za ka iya cewa "pick up the book" ko "pick the book up", amma da zarar "it" ta shigo dole tsakiya za ta zauna, "pick it up". Shi kuwa "look after" ba ya rabuwa sam. Ga "look forward to seeing you" da muke yawan rubutawa "to see you" a wasiƙa, ga "cope up with" da ya cika bakinmu alhali babu up a ciki.

Karin magana ma haka, "spill the beans", wato tona asiri, ba a sa masa shinkafa a madadin wake, kamar yadda ba ka cewa ruwa ya ƙare wa ɗan kwaɗo, ɗan kada ne.

Yanzu dai na sa ta ware littafi guda, duk irin wannan haɗin kalmomi da ta tsinta ta rubuta shi cikin cikakkiyar jimla. Da safen nan ta leƙo daga kicin ta ce Yaya, "we have run out of sugar".