Turmi Guda, Yara Uku: Inda Na Kai da Ɗinkin Kirsimeti

Ƴan uwa masu koyon ɗinki, sannunmu da aiki, ya sanyi? Na yi muku alkawarin duk abin da na ɗinka zan riƙa rubuta shi, da na kirki da na kunya. Ga na watan Disamba. Wata bakwai ke nan da na fara taka keke, kuma bana na ce kayan yara ba za su je wurin tela ba. Bara sai daren 24 ga wata muka karɓo su, wandon ɗan tsakiya ko zariya babu. Ban ga laifin telan sosai ba, don na ga tulin atamfar da ke bayansa har ya kusa taɓa rufi, amma tun ranar na ƙudura abin a raina.

Litinin, 1 ga Disamba

Yau kasuwar Maradi ke ci, na goya Auta muka hau kabu-kabu. Na sayo turmi guda na atamfa mai ruwan ganye da ɗigon ja, da zare uku, da zif ɗaya, da maɓallai. Turmi yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi. Lissafina: yadi 2 na ɗiyata babba mai shekara 7, yadi 1 da rabi riga da wandon ɗan tsakiya mai shekara 4, yadi 1 na Auta. Abin da ya rage in fitar da ɗankwali da majanyi, a gan mu a majami'a a san gida ɗaya muka fito.

Ina dawowa na tsoma atamfar a ruwa. Babbar ta tsaya a kaina kamar za ta yi kuka, wai "Mama, kin mayar mana da shi tsoho!" Ƙyallin take so. Amma auduga tana shiga a wankin farko, gara ta gama shigarta kafin almakashi ya taɓa ta. Da iskar hunturun nan ko awa guda ba ta yi a igiya ba ta bushe ƙarau. Ku dai shanya ta bai-bai, kada hazo ya zauna a fuskar.

Laraba, 3 ga wata

Ban ɗinka komai ba yau, keken na zauna na wanke. Butterfly ne na Inna, uwar maigida, wanda aka kawo mata daga Katsina ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa tun ba a haifi Baban yara ba. Kwana biyu yana nauyin taki, yana wani gurnani. Da na buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura, abin da na tarar tsakanin haƙoransa kamar an cusa ƙullin auduga da laka. Ƙurar wannan wata ce ta haɗu da mai. Inna da kanta ta faɗa mini cewa da man keke ya ƙare mata, man gyaɗa take ɗiga masa, "ai mai mai ne, ɗiyata." Garinmu garin gyaɗa ne, man yana kusa da hannu, na gane. Sai dai man gyaɗa in ya daɗe yana daskarewa ya zama danƙo. Na bi gaɓoɓin da kananzir, na taka ba zare har ya sake, na goge, sannan na ɗiga man keke ɗigo ɗaya ɗaya. Yanzu ƙararsa ta dawo daidai. Na kuma ɗinka masa riga da tsohon zane.

Asabar, 6 ga wata

Awon yara aiki ne mai zaman kansa. Babbar ɗage take yi a kan yatsun ƙafa don rigar ta yi tsawo kamar ta manya. Ɗan tsakiya da zarar tef ya taɓa cikinsa sai ya shanye shi yana dariya. Auta kuwa tef ɗin take son ci. Na haƙura da na ƙananan biyu, na ɗauko kayan da ke yi musu daidai yanzu, na shimfiɗa a kan takardar buhun siminti, na zana, na ƙara. Babbar kaɗai na auna da gaske: ƙirji santimita 60.

Na yanka nata bayan sun yi barci. Wanda ke da yara ƙanana ya san ba a yanka da rana. Na gwada sau ɗaya a watan jiya, ina juyawa na tarar an zauna a tsakiyar yadin ana shan kunu.

Laraba, 10 ga wata

To, ga abin kunyar.

Na haɗa gaba da baya, na ɗora hannuwa, na kira ta ta gwada. Kai ya shiga, hannu ɗaya ya shiga, na biyu ya tsaya a sama kamar mai neman izinin magana a lakwal. Da ƙyar muka ja ta sauka, zif ya ƙi hawa ko rabi. Ga shi ko rigar ciki ba ta sa ba, alhali da sanyin safiyar Kirsimeti dole a sa mata wani abu a ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Mama, ko in daina cin tuwo?" Dariya ta kama ni, amma raina a jagule yake.

Na kwana ina lissafi ban ga inda na ɓata ba. Malama, wadda ke koya mini ɗinki, ta ce a ƙara 3 a kan ƙirji don jiki ya sake, na ƙara. Ta ce a bar 1 rarar ɗinki, na bari. Da safe na naɗe rigar na kai mata. Ta ɗauki tef ɗina, ta juya bayansa, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Nan take na gane. Malama a Katsina ta koyi ɗinki, da inci take magana. Ni kuwa ƴar lakwal ce, kaina santimita ya sani. Tef ɗin da muke saya a kasuwa fuska biyu gare shi, kowa da wadda yake kallo. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ukun da take nufi ya haura santimita 7 da rabi, ni na ƙara 3 cak. Ɗayan da take nufi santimita 2 da rabi ne, wanda in riga ta matse sai a farke a saki. Ni na bar 1, babu abin saki.

Ina ganin mu na Maradi wannan tarkon ya fi kama mu. Yadi muke saya da yadi, tela ɗaya ya koya a Yamai, na kusa da shi ya koya a Kano, kuma babu wanda ke faɗin sunan ma'auni, lamba kawai ake jefowa: "sa masa biyu," "rage rabi." Wata bakwai ina zama gaban Malama abin bai tashi ba, don zane da siket mai roba muke yi, su kuwa suna yafe kuskure. Riga mai zif ba ta yafewa. Daga yau duk lambar da zan rubuta a littafina sai na sa mata sunanta a gefe, kuma na shafa jan farce a bakin ƙarfen tef ta fuskar santimita.

Sake yanka ba zai yiwu ba, in na yi haka kason Auta ya tafi. Malama ta ce a sa ƙari a gefe.

Lahadi, 14 ga wata

Bayan sujada yara sun tsaya gwajin wasan Kirsimeti. An ba babbar haddar Luka 2, daga aya 8 zuwa 11, labarin makiyaya da mala'ika. Ɗan tsakiya an sa shi cikin makiyayan, ba shi da magana ko ɗaya, aikinsa ya faɗi ƙasa don tsoro. Tun da muka dawo yake faɗuwa, a tsakar gida, a bakin murhu, a kan tabarmar Inna. Ya kuma kafe sai an ara masa jar akuyar maƙwabta ya shiga da ita majami'a, wai makiyayi ba ya tafiya hannu rabbana. Malamar makarantar Lahadi ta ce kowace uwa ta kawo kayan ɗanta. Wannan bai ɗauke ni minti ashirin ba: tsohon bargo, na huda tsakiya, na kalmashe bakin ramin, igiya a ƙugu.

Talata, 16 ga wata

Na zauna zan ja wandon ɗan tsakiya, sama ɗinki lafiya lau, ƙasa kuwa zare ya yi cunkus kamar saƙar gizo. Na zargi kwarkwaro, na cire, na sake naɗawa, na mayar. Bai canza ba. Na canza allura. Haka dai. Sai can na tuna abin da aka sha faɗa mana: in zare ya yi tsumma a ƙasa, laifin na sama ne. Na duba makullin da ke matse zaren sama, an kwance shi har ya kusa faɗowa.

Mai laifin bai ɓoye ba. Ya ce jiya da nake wurin girki ya tuƙa mota zuwa Damagaram, wannan makullin shi ne rediyo. Cikina ya ɗuri ruwa, don allura tana jiki, kuma yatsansa daidai wurin yake kaiwa. Yanzu in zan tashi, ko fitsari ne, sai na zame igiyar fatar daga taya. Ya taka iya son ransa, allura ba za ta motsa ba. Da dare kuma ina cire allurar gaba ɗaya.

Abu biyu ga wanda ke da irin kekena. In za ku zura zaren sama, ku ɗaga ƙafar da ke danne yadi tukuna, don a lokacin ne faifan matsewar ke buɗewa zaren ya shiga tsakaninsu. In za ku mayar da allura, gefen da ke shafe ya kalli dama, wajen tayar hannu, zare ya shiga daga hagu. Lamba 14 nake sa wa atamfa, ita ce wasu fakitoci ke rubuta wa 90.

Allurai masu kai kuwa, saboda Auta da komai baki take kaiwa, ƙirga su nake. Ashirin na fitar, ashirin za su koma gwangwani. Baban yara ya ciro mini maganaɗisun lasifikar wata matacciyar rediyo, da shi nake share tabarma kafin in sauke ta daga baya.

Alhamis, 18 ga wata

Ranar Jamhuriya, babu aiki babu lakwal. Baban yara ya kwashe manyan biyu ya kai su gidan ƙanwarsa a Tsibiri, Inna ta karɓi Auta. Awa huɗu ni kaɗai da keke, rabona da haka har na manta.

Na farke gefen rigar duka biyu. Na sayo jan yadi marar zane, kalar ɗigon atamfar, na yanka tsiri biyu masu faɗin santimita 5. In an cire 1 ta kowane baki, 3 ke bayyana, gefe biyu 6 ke nan, ƙirji ya tashi daga 63 zuwa 69. Inda na kusa sake faɗawa rami shi ne hammata. In ka faɗaɗa jiki, ramin hannu ma ya faɗaɗa, hannun da ka yanka ba zai cika shi ba. Don haka tsirin bai tsaya a hammata ba, na farke ƙarƙashin hannun na wuce da shi tun daga gindin riga har wuyan hannu, zubi ɗaya. Wurin kwanar hammata a hankali na bi, ina juya taya da hannu, ɗinki ɗaya ɗaya.

Da na ɗaga ta na duba, faci dai faci ne, a idona. Sai na ce to, bari kowa ya samu. Na sa jan tsiri a gefen wandon ɗan tsakiya, na sa a bakin aljihunsa, na sa a gindin rigar Auta. Abin da aka yi wa mutum uku ba a kiransa gyara.

Tattarar siket ɗin Auta ta yi kyau wannan karon. Layi biyu na ja da ɗinki mafi tsawo, ban ɗaure bakin ba, na jawo zaren ƙasa a hankali. Da layi ɗaya nake yi, kullum sai ya tsinke a tsakiya.

Laraba, 24 ga wata

Gidan ƙamshin cincin yake tun asuba. Babbar na yanka, ɗan tsakiya na ci, Inna na korarsa da mafici. An fige zabi biyu. Tsakanin kasko da kasko na zauna na yi ramukan maɓalli huɗu da hannu, tunda kekena miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya. Na farkon ya yi kama da bakin kifi, na huɗun ba laifi. Na sa na farkon a can ƙasa inda wando zai rufe.

Na yi guga da ta gawayi, ta bayan yadi, nesa da yara. Kalmasar rigar babbar santimita 6 na naɗe, baɗi a saki. Ɗankwalina ya fita, majanyi bai samu ba. Da dare aka yi wasan, ta kawo ayoyinta ba gargada, shi kuma ya faɗi tun mala'ika bai gama fitowa ba.

Juma'a, 26 ga wata

Jiya da safe na shafe su da man kaɗe saboda kaushi, na sa wa kowa rigar ciki, kayan suka hau, zif ya rufe har wuya. Bayan sujada aka shiga rabon abinci. Maƙwabtanmu duk Sallah sai sun cika mana gida da nama da tuwo, mu ma ranar tamu ce. Manyan biyu suka yi ta kai kwanonin shinkafa gida gida. Hajiya ta gidan da ke kallonmu ta biyo su har tsakar gida, ta kama hannun babbar ta ɗaga, tana bin jan tsirin da yatsa. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Sai ta ce, "Ɗiyata, wane tela ne ya yi wannan? Irinsa nake so wa jikata da Sallah, har da jan nan na gefe." Na ce, "Hajiya, ki kawo ta in auna."

Rigar Auta tana jiƙe a bokiti, miya ta sha tun kafin azahar. Wandon ɗan tsakiya ya yage a tsakiya wurin tsallake kwata, laifina ne, layi ɗaya na ja a wurin maimakon biyu. Abin da har yanzu ya gagare ni shi ne kan hannu: duk yadda na yi, sai ya ɗan tattare a bayan kafaɗa, na hagu ya fi. Wanda ya wuce wannan matakin a cikinku ya gaya mini, hannun kuke fara ɗorawa kafin ku rufe gefe, ko sai kun rufe? Jikar Hajiya ranar Litinin za a kawo ta.