Masu Gasa Tef: Yadda Muke Ceto Sautin Tsofaffin Wasannin Rok

Shagona ɗaki biyu ne a saman wani kanti a birnin Manchester na Ingila. Mu uku ne a ciki: ni, da ɗan yayata da nake koya wa aiki, da wata baiwar Allah mai karɓar kaya da riƙe lissafi. Sana'armu ita ce juye abin da ke cikin tsofaffin kaset da tef zuwa kwamfuta kafin su lalace. 'Yan uwanmu mazauna nan sukan kawo kaset ɗin biki ko na wa'azi, ko muryar mahaifi da ya rasu. Amma abin da ke biya mana kuɗin haya shi ne dattawan Turawa masu furfura, da 'ya'yansu da suka gaji kwalaye a saman rufi, cike da sautin wasannin kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970.

Duk wanda ya ajiye kwali a gabana, tambayata ta farko ɗaya ce: a ina makirufo yake tsaye daren da aka ɗauki wannan? Amsar ita ke gaya min iyakar abin da zan iya yi masa.

Akwai ɗaukar kamfani, wadda akan kawo mota cike da na'urori a ajiye bayan zaure, kowane abin kiɗa a ba shi nasa layin a kan faffaɗan tef, daga baya a zauna a situdiyo a haɗa. Irin wannan ba ta cika zuwa shago irin nawa ba, tana can kulle a rumbunan kamfanoni. Kuma kada a ce don ta kamfani ce sai ta yi kyau. Lokacin da aka ɗauki wasannin ƙungiyar Beatles a dandalin Hollywood Bowl na Los Angeles a 1964 da 1965, layi uku kacal na'urar take da shi, ga ihun dubban 'yan mata ya danne komai, su kansu makaɗan ba sa jin junansu. Sautin ya yi ta kwanciya a ajiye har 1977 kafin George Martin, furodusan ƙungiyar, ya lallaɓa ya fitar da shi, sai kuma a 2016 ɗansa Giles ya sake fitar da shi bayan an samu manhajar da ta ɗan janye ihun baya. Haka ƙungiyar The Who: an ɗauke su a Leeds ranar 14 ga Fabrairu 1970, washegari kuma a Hull, sai aka tarar layin jitar bes bai shiga tef ba a waƙoƙin farko na Hull. Shekara arba'in bayan nan, da za a fitar da wasan, sai aka ɗebo bes ɗin daren Leeds aka lika a gurbin. Mai saurare ba zai gane ba in ba an gaya masa ba. Ni dai ban ga laifin hakan ba tunda sun faɗa a fili. Ɓoyewar ce ba na so.

Wanda masu tara irin wannan kaya suka fi yi wa rububi shi ne wanda aka jawo kai-tsaye daga mikisar injiniyan zaure, wato na'urar da yake haɗa sauti da ita. Sautinsa tsaf, babu tarin mai mura, babu surutun na kusa. Sai dai yana da wata illa da sabon shiga ba ya lura da ita. Injiniyan nan ba don tef yake haɗa sauti ba, don mutanen da ke zaure yake yi. Jitar da lasifikarta ke girgiza dandali ba ta buƙatar ƙari, don haka yakan rage ta a mikisa, ya ɗaga murya da ganguna. Idan ka saurari tef ɗin sai ka ji mawaƙi a cikin kunnenka, mai jita kuwa kamar yana wani gari, 'yan kallo dubu goma sun koma tafin mutum biyar daga nesa.

Shi ya sa sunan Betty Cantor-Jackson ya fita daban a wajen masu wannan harka. Ita ce ta riƙa ɗaukar wasannin ƙungiyar Grateful Dead a shekarun 1970, kuma ba ta dogara da haɗin injiniyan zaure ba. Layukan makirufo ake raba mata, ta zauna gefe da abin ji a kunne, ta yi nata haɗin musamman saboda tef. Labarin abin da ya sami kayanta kuwa duk mai wannan sana'a ya san shi. Ta shiga matsin kuɗi, ta kasa biyan hayar ɗakin ajiyar da ta zuba su, a 1986 aka yi gwanjon abin da ke ciki. Mutane dabam-dabam suka saya, wasu ba su ma san me suka ɗauka ba, wani kason ya sha danshi da ƙura shekara da shekaru. A cikinsu akwai wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977, wanda kwafinsa ya yi ta yawo hannu da hannu har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin jerin sautukan da ƙasa ke adanawa. Ita ƙungiyar ba ta fitar da shi a hukumance ba sai 2017, bayan tef ɗin asali ya koma hannunta.

Mafi yawan abin da ke shigowa shagona na 'yan kallo ne, wato mutum ya ɓoye rakoda a cikin riga ko jaka ya shiga. Na fi jin daɗin aikinsu, duk da wahalarsu, domin su ne ke ɗauke da zauren: amsa-kuwwar bango, da yadda taro ke ɗauke numfashi kafin a fara waƙa. Kuma suna da tarihi mai kauri. A Nuwamba 1969 wani ya shiga wasan Rolling Stones a Oakland da ƙaramar na'urar Uher da dogon makirufo na Sennheiser, aka buga faifan bayan fage, ya yi kasuwa ƙwarai, shekara ta zagayo ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wannan rangadi. A Los Angeles kuma akwai Mike Millard, wanda yakan shiga zaure a keken guragu alhali ƙafarsa lafiya lau, rakodar Nakamichi 550 ɓoye a ƙarƙashin mazauni, makirufo a cikin hula. Ɗaukar da ya yi wa Led Zeppelin ranar 21 ga Yuni 1977 har yau da ita ake auna sauran. Dabararsa ba a tsadar na'ura kaɗai take ba. Ya san layin kujerun da sauti ke haɗuwa daidai, nan yake neman wuri. Wanda ya tsaya jikin bango ko can ƙarshen zaure, ko da wace na'ura ya shiga, kugi kawai zai kwaso.

Tambaya ta biyu: wannan masta ne, wato na asali, ko kwafi? A wancan zamani musaya ake yi ta gidan waya, ka aika wa mutum kaset babu komai da kuɗin kan sarki, ya juye maka nasa. Kowace juyewa tana ƙara huci, tana cinye sirin kuge, tana ɗan karkatar da gudu. Kwafi na biyar ko na shida ya riga ya dushe, ba abin da kwamfuta za ta mayar masa. Nakan gaya wa mai kaya gaskiya ya riƙe kuɗinsa, wataƙila wani ya riga ya ɗora wanda ya fi nasa a intanet. Rubutun da ke jikin kwali ma ba na saurin yarda da shi. Shekara da shekaru ana sayar da wani faifan Bob Dylan da sunan wasan Royal Albert Hall na Landan, alhali a nan Manchester aka ɗauke shi, a Free Trade Hall, ranar 17 ga Mayu 1966, daren da wani ɗan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza maci amana saboda ya koma jitar lantarki. Ginin yanzu otal ne, nakan wuce ta gabansa. Sunan ƙaryar ya kama shi har ta kai da aka fitar da shi a hukumance a 1998 sai aka bar masa sunan a cikin alamar zance.

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Idan babban tef ne na naɗi, kafin ya taɓa inji sai na shinshina shi, na ɗaga shi sama ta fuskar fitila. Warin tsami, ko haske ya ratsa ta gefen naɗin, alamar tsohon samfurin asitet ne, wanda zafi ke kashewa. Idan kuwa baƙi ne wuluk, musamman samfurin Ampex 456 da 'yan uwansa na tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1980, to sai a yi hattara. Gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisun da sautin ke kwance a kai yana shan danshin iska ya yi danƙo. Ka kuskura ka kunna shi haka, zai fara ƙugi da kuka, ya bar baƙin kwalli a kan injin, kuma wannan kwallin shi ne waƙar take kankarewa. Maganinsa gashi. Muna saka shi a na'urar busar da 'ya'yan itace, zafi kimanin digiri 54 a ma'aunin Celsius, ya yi awoyi masu yawa, a bar shi ya huce da kansa har kwana. Daga nan kana da ɗan lokaci ka juye kafin danƙon ya dawo. Masu kaya sukan zaro ido idan na ce zan gasa musu tef.

Kaset kuwa nasa ciwon dabam. Ɗan soson da ke danna tef jikin kan inji, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, yakan faɗo, sai mu fasa gidan mu mayar da naɗin cikin sabo. Sannan ga wata 'yar ƙusa a gefen kan injin, wadda nake ganin ta fi duk manhajar da na saya amfani. Rakodar da aka ɗauki wasan da ita kusan kullum kanta a ɗan karkace yake, don haka sai na karkatar da nawa ya yi daidai da nata. Nakan haɗe sautin kunnen dama da na hagu su zama ɗaya, in sa abin ji, in riƙa murɗa ƙusar a hankali, dama kaɗan, hagu kaɗan. Sai ka ji kugen mai ganga ya fito daga duhu ya tsaya ƙyal, ka ƙara murɗawa ya sake nutsewa, ka dawo. Kowane kaset sai an yi masa haka, kowace fuska kuma dabam.

Gudu ma sai an gyara. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, amma rakodar da ke cikin riga batir take ci. Batir na yin sanyi tana rage gudu, idan aka kunna a inji mai lafiya sai ƙarshen wasan ya riƙa sauri, muryar ƙato ta sirance. Abin da ke cetonmu shi ne gunjin wutar lantarki da lasifikokin dandali ke fitarwa. A Turai wuta tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. A allon kwamfuta gunjin yana fitowa siririn layi, sai mu bi shi muna daidaita gudu har ya miƙe. Da wannan layin na sha gane cewa kaset ɗin da aka rubuta wa sunan wani gari a Ingila a Amurka aka ɗauke shi. Japan ce mai rikitarwa, don Tokyo 50 take, Osaka 60.

Inda muke yawan saɓawa da ɗan yayata shi ne wajen sharewa. Yaran yanzu hannunsu na kan manhaja. Zai ce, "Kawu, ka bar ni da shi minti goma, wallahi ba za ka ƙara jin hucin nan ba." Nakan ce masa ya yi, sannan mu saurari biyun. Hucin ya tafi kam, amma ya tafi da sheƙin kuge da iskar zaure, tafin jama'a ya koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Shadda ce da aka yi ta dirza don a cire tabo har ƙyallin ya bi ruwa. The Who sun riga mu gane haka, domin a jikin faifansu na Leeds akwai rubutun hannu da ke gargaɗin kada a gyara tartsatsin da ake ji. Yanzu mun daidaita a kan ba kowa fayil biyu: ɗanye, yadda ya fito daga tef ba a taɓa shi ba, da wanda muka ɗan shafa wa hannu don saurare a mota. Ɗanyen na ajiya ne, ko nan gaba a samu dabarar da ta fi tamu.

Batun haƙƙin mallaka ba ma wasa da shi. Mu juye wa mutum kayansa, mu miƙa masa, shi ke nan. Wanda ya zo yana son kwafi ɗari da bango mai hoto, sai mu nuna masa ƙofa cikin mutunci. Ko Grateful Dead da suka ware wa masu rakoda wuri a zaure tun 1984, sharaɗinsu shi ne a yi musaya, ban da sayarwa. Nakan dai shawarci masu kaya kada su zubar da tef bayan an juye. Gobarar da ta cinye rumbun ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008 ta nuna cewa manyan ma kayansu na iya salwanta.

Abin da ke hana ni barci yanzu injuna ne. Studer da Revox da Nakamichi da muke aiki da su duk sun girmi ɗan yayata, bel da robar jan tef sai an yi cigiya, mai gyara mana kuma dattijo ne da ke ta maganar ajiye aiki. Mafi tsanani su ne ƙananan kaset na dijital da ake kira DAT, waɗanda suka fito a 1987 masu ɗauka suka rungume su. Sony ta daina ƙera injinsu a 2005. Tsohon tef idan ya tsufa dushewa yake yi sannu a hankali, har yanzu ka ji wani abu. DAT kuwa ko ya yi, ko ya tsinke da ƙara, ko shiru. Don haka duk wanda ya kawo kwali gauraye, DAT nake fara ɗora wa inji, tef ɗin 1971 ya jira layinsa.