Darussa daga Auna Launin Furen Okid

Da wuya launin da ido ke gani a furen okid ya zama na sinadari ɗaya. Ja, ruwan hoda da shunayya na sinadarin antosayanin ne, wanda ke narke a ruwan cikin ƙwayar halitta. Rawaya kuwa galibi na karotinoyid ne, shi ba ya shiri da ruwa. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ke jikin furen Oncidium, wani nau'in okid, jan antosayanin ne ya hau kan rawaya. Saboda haka kafin a niƙa komai, a ware leɓen furen, wato ganyen furen nan da siffarsa ta fita daban, da sauran ganyayyakinsa, don sau da yawa abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Wajen tatso antosayanin, giram 1 na ɗanyen fure cikin mililita 10 na metanol mai ɗan asid ya isa, a rufe, a kwana a duhu kan maki 4 na salshiyos. Zaɓen asid ɗin shi ne wurin lura. Yawancin antosayanin na okid suna ɗauke da ƙananan rassan sinadari da ake kira asil, kuma haidurokulorik mai ƙarfi, musamman da zafi, yana tsinke su. Asid ɗin fomik ya fi sauƙin hannu. Karotinoyid kuma da ruwan asiton ake tatso shi, sannan heksan, a auna yadda yake shan haske mai tsawon zango kusa da nanomita 450, cikin hanzari, don haske da iska na cin sa.

Sanannen awon antosayanin shi ne a raba ruwan biyu, ɗaya a pH (ma'aunin ƙarfin asid) 1.0, ɗaya a pH 4.5, a karanta a nanomita 520 da 700. Dabarar ta ginu ne kan cewa launin zai dushe a 4.5. To, rassan nan na asil suna kare launin, ba ya dushewa yadda ake zato, sai lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. Wanda bai san haka ba zai ce furen ba shi da launi mai yawa, alhali ga shi jawur a kwalba.

A kuma duba ko an yi wa furen barbara. Gas ɗin etilin da ke biyo baya yana kashe launin okid nau'in Vanda, a nau'in Cymbidium kuwa leɓen ne ke ƙara ja.

Shuɗin okid nau'in Phalaenopsis da aka fi sayarwa rini ne da aka ɗura ta kara, furen gaba fari zai fito. Shukar ba ta iya ƙera delfinidin, sinadarin da ke ba da shuɗi, da kanta, sai da masana a Japan suka dasa mata ƙwayar gado daga Commelina, wata shuka mai shuɗin fure.