Farar saniya da ta ƙi zama fara

'Yan'uwa masu koyon zane da fentin mai, ga inda na kwana da saniyar da na faro mako uku da suka wuce.

Bunaji ce, daga garken wani makiyayi da ya sauka bayan garinmu da aka gama girbi. Na ɗauka za ta yi sauƙi, tunda fara ce sol, sai ɗan baƙi a kunne da hanci. Na shafa mata farin titaniyom zallansa, sai ta fito kamar an yanko takarda an manna. Ba tozo, ba haƙarƙari.

Na ajiye burushi na koma mashekari da sassafe, na zauna ina kallonta tana tuƙa. Ashe ƙasan cikinta ja-ja ne, hasken ƙasa yake maido mata. Inuwar da ke bayan tozo shuɗi-shuɗi ce. Fatar da ke lilo a ƙarƙashin wuyanta toka-toka ce, kowane ninki da kalarsa. Farin gaske bai wuce saman tozo da layin gadon baya ba, inda rana ta fara taɓawa. Da na dawo sai na haɗa shuɗin ultramarin da jar ƙasa suka ba ni toka, na ɗiga rawayar ƙasa inda nake son ɗumi, na bar farin zalla sai ƙarshe. Ranar ta fara kama da abu mai nauyi.

Ƙafar baya ce ta fi wahalar da ni. Na tuna Rosa Bonheur, 'yar Faransa da ta zana shanun huɗa na yankin Nivernais na ƙasarsu a 1849, wadda ta riƙa zuwa mahauta don ta san ƙashi da tsoka. Ni ma na je. A can na gane gaɓar da nake zanawa a matsayin gwiwa mai lanƙwasa baya, diddige ce. Gwiwar gaskiya tana sama, dab da ciki. Don Allah ku je ku gani da idonku, hoton waya ba ya nuna wannan.

Shafin farko ku tsinka shi da tafentin, wato ruwan tsinka fenti; man linsid da ake kwaɓa fenti da shi kuwa sai a shafukan sama, in ba haka ba zai tsattsage daga baya. Farin yana daɗewa bai bushe ba, ga ƙurar hunturu, don haka nakan juya fuskar zanen ga bango.

Jiya na kai wa makiyayin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna mini ƙahon hagu, ya ce nata ya fi haka buɗewa. Da shi zan fara ranar Asabar, kafin su tashi su yi kudu.